A daina kiran busasshiyar bishiya shara a gandun daji

Ya Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana a kan gandun daji da namun cikinsa, akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Duk sanda aka tashi maganar kare daji abin da muke gani a jaridu da Facebook shi ne manya riƙe da shebur ana dashe ana ɗaukar hoto. Dashe abu ne mai kyau, ban ce a bari ba. Amma fa ana can ana tafi, a cikin gandu kuma motoci na ta fita da tsofaffin bishiyoyi da waɗanda suka bushe, in ka yi magana a ce ai matattu ne ake kwashewa, gyara ake, ba a taɓa masu rai ba. To ni dai a ganina wannan gyaran shi ke korar dabbobi tun kafin maharbi ya zo.

A duba cilakowa. In lokacin ƙwai ya yi macen sai ta shige kogon bishiya, a liƙe bakin kogon da laka da kashinta har ya rage 'yar tsaga, ta nan namijin zai riƙa miƙo mata abinci, ita ko tana ciki makonni, har gashin fukafukanta ya zube sabo ya fito. Kuma ba ta iya sassaƙa kogon da kanta, sai ta samu wanda yake nan. Haka mujiya, haka aku, haka jemagu da yawa, har ƙudan zuma. To kogo daga ina yake zuwa? Reshe ne zai karye, ruwa ya shiga, wurin ya fara ruɓewa, gara da tsutsotsi su ci, ko maƙwaƙwafi ya huda ya yi shekararsa ya tafi wani ya gada. Wannan ba aikin shekara biyar ba ne. A Ostireliya inda aka bi lamarin sosai, bishiyar turare takan haura shekara 100 kafin ta yi kogon da babban tsuntsu zai zauna. Wato wanda ya sare tsohuwar bishiya ɗaya yau ya dasa dubu, cilakowa ba za ta ga amfanin dashensa ba sai zamanin jikokinsa, in ma dashen ya rayu kenan, don da yawa daga ranar hoto ba mai sake kai musu ruwa.

Ko bishiyar da ta faɗi ƙasa ba ta gama aiki ba. Ka ɗaga ɓawon gungumen da ya kwana biyu a kwance, ƙasansa da danshi ko da rani, ga tsutsa ga ƙwari ga fararen zaren naman kaza sun bi jikin itacen, ƙadangare ya zo ci, bushiya ta zo ci, mai cin ƙadangaren ma ya biyo. A hankali gungumen ya marmashe ya koma taki, sababbin tsirrai su fito a kansa.

Kuma ba talaka kaɗai ke wannan kuskuren ba, gwamnatoci ma suna yi. Akwai tsohon dajin Biyalowiyeza a kan iyakar Polan da Belarus, gidan ɓaunan Turai, wanda ya ƙare ƙarƙaf a dajin a 1919 sai a 1952 aka fara sake sakinsa daga waɗanda suka rage a hannun mutane. A 2016 gwamnatin Polan ta ƙara yawan katakon da za a sara a wurin, hujjarta wai wani ƙwaro mai cin ɓawo ya kashe bishiyoyi dole a kwashe su. Masana suka ce a'a, ƙwaron nan ɗan gida ne, kuma busassun da ake kwashewa su ne gidan tsuntsaye da ƙwarin da aka killace dajin dominsu. Magana ta kai Kotun Tarayyar Turai, a Afrilun 2018 ta yanke cewa saran ya saɓa doka.

Na san abin da za a ce, itacen girki fa, gobara fa. Gaskiya ne, kuma ban yarda a tsare matar da ta tsinto ƙirare a gefen daji ana mata barazana ba alhali tirela ta wuce da gungume ba wanda ya ce uffan. Abin yi ai sananne ne, a bar tsakiyar gandu yadda yake komai ya faɗi ya ruɓe a inda ya faɗi, a ware gefe inda makwabta za su tsinta bisa yarjejeniya, a yi musu gonar itace mai saurin girma a waje, gobara kuma a share mata layi kafin ciyawa ta bushe. Amma dokar "a ɗauki matacce kawai" ita kaɗai wallahi ƙofa ce, domin masu wayo sukan zagaye gindin bishiya mai rai su ɓare ɓawon, ko su ɗan sa mata wuta a gindi, su tafi abinsu, baɗi su dawo su ce ga ta nan ta mutu da kanta.

A Disambar 2022 ƙasashen duniya sun amince a birnin Montiriyal na Kanada cewa nan da 2030 za a kare kashi 30 cikin 100 na ƙasa da ruwa. Madalla, sai dai hekta ake ƙirgawa, kuma hekta ba ta nuna ko akwai kogo ɗaya da ya rage a ciki. Shi ya sa nake roƙon wakilanku, in aka gayyace su bikin dashe ko rangadin wani gandu, su ɗan wuce inda aka kafa rumfa, su tambayi masu gadin daji wa ke ba da takardar kwashe busassun itatuwa, mota nawa ke fita a wata, kuma wa ke zuwa ya duba ko da gaske bishiyar da kanta ta bushe.

Na gode.

Naku,
Wani mai karatu