Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban INEC, Farfesa Joash Amupitan

Ranka ya daɗe, barka da aiki.

Na san ba kai ne kan kujerar nan a 2023 ba, amma kai ka gaji abin da ya faru, kuma kai za mu tuhuma a 2027. Kafin zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu 2023, ƙuri'ar jin ra'ayin da gidauniyar ANAP ta sa kamfanin binciken ra'ayin jama'a na NOI Polls ya yi ta nuna Peter Obi ne a gaba, matasa suka yi ta yaɗawa a WhatsApp da Facebook kamar an riga an gama zaɓe, ba wanda ya tsaya ya duba cewa ta waya aka tambayi mutane, kuma da yawa sun ce ba su yanke shawara ba ko sun ƙi faɗin wanda za su zaɓa. Tsohuwar da ke ƙauye, wadda wayar gidan ma tana hannun ɗanta, wa ya kira ta? Amma ranar zaɓe ita ce ta farko a layi da katinta ƙulle a bakin zani.

Sai sakamako ya fito, Tinubu miliyan 8.79, Atiku 6.98, Obi 6.1, Kwankwaso kusan miliyan 1.5. A ce kowa ya ajiye hasashe ya kama na hukuma, amma ina! Mutane da yawa sun fi yarda da hasashen, kuma yallaɓai laifin na gidanku ne.

An yi mana alkawari za a ɗauki hoton takardar sakamakon rumfa, wato EC8A, da na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS a ɗora a IReV, shafin INEC na duba sakamako a intanet, nan take. Mutane sun tsaya har dare ana ƙirga da fitilar waya, ejan-ejan sun sa hannu, aka ɗora na sanatoci da 'yan majalisa amma na shugaban ƙasa ya ƙi hawa, aka ce tangarɗar na'ura ce. To wa zai yarda? Daga baya Kotun Ƙoli ta ce rashin ɗorawar ba ya soke zaɓe, a shari'a an wuce wurin, a zukatan mutane wallahi har yau ba a wuce ba. Mu a Kano ma mun ga yadda tiribunal ta zaftare wa Gwamna Abba Kabir Yusuf ƙuri'a 165,663 saboda babu sa hannu da hatimi a jikinsu, aikin malaman zaɓe ne fa ba na talakan da ya dangwala ba, sai a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta mayar. Ga kuma abin da kwamishinan zaɓe ya yi a Adamawa, inda ya sanar da mai nasara a zaɓen gwamna tun ba a gama tattara sakamako ba.

Mutum sama da miliyan 93 suka yi rajista, kusan kashi 27 cikin ɗari kawai suka fito. Wannan ya kamata ya hana ku barci.

Ba na goyon bayan a hana ƙuri'ar jin ra'ayi, tana da amfaninta. A dai matsa wa masu yi su faɗi wa ya biya kuɗin, mutum nawa aka tambaya, a wane gari, da wane yare. Naku aikin shi ne takardar rumfarmu ta hau IReV tun muna tsaye a wurin, mu buɗe waya mu ga lambar da muka ƙirga da bakinmu. In na'ura ta sake ƙi, ka fito da kanka a daren ka faɗi me ya faru, da Hausa ma a rediyo, kar a bar mu da jita-jita har gari ya waye.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
Wani mai katin zaɓe daga Kano