Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Mawaƙan Jami'a

Uban ƙungiya, Uwar ƙungiya, shugabanni, yayyenmu tsofaffin ɗalibai da sauran 'yan'uwa, barkanku da ganin ƙarshen zangon karatu lafiya. Kamar yadda tsarin mulkin ƙungiya ya tanada, ga bayanin abin da muka yi a shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗi dalla-dalla yana cikin takardar ma'aji, wadda masu binciken kuɗi suka riga suka sa wa hannu. Nawa aikin shi ne in faɗi ayyuka da ra'ayin kwamiti a kansu. Ku yi haƙuri, tafiyar Gana ita ta cinye shekarar, ita ce kuma za ta cinye yawancin wannan rahoto.

Ayyukan gida

An ci gaba da koyon waƙa kamar yadda aka saba, in ban da makonnin jarrabawa. Mun karɓi sababbin 'yan'uwa da dama daga 'yan aji ɗaya, sai dai kusan dukansu sofarano da alto, wato sahun masu siririyar murya, suka shiga. Bas har yanzu mutanen da kuka sani ne, kuma yawancinsu suna ajin ƙarshe. Duk wanda ya san wani mai katuwar murya a ɗakin kwanansu, don Allah ya jawo mana shi, ko da bai taɓa jin do-re-mi ba. Kwayamasta ya yi alkawarin zai koya masa daga tushe.

Mun yi waƙa a bikin rantsar da sababbin ɗalibai da na yaye ɗalibai. Taken ƙasa da aka dawo da shi a watan Mayun 2024 har yanzu bai zauna a bakin jama'a ba. Mu muka riƙe shi daga farko zuwa ƙarshe, manyan baƙi suna ta motsa leɓe. An yi daren waƙoƙin Kirsimeti, an kuma yi shagalin bayan Sallah, duka biyun sun cika. Abin da ba a yi ba shi ne ziyarar asibiti da zagayen makarantun sakandare. An ɗage su saboda shirin tafiya, aka sake ɗagewa, har shekara ta ƙare. Zagayen makarantun nan ta nan muke samun mawaƙan gobe, don haka rashinsa asara ce, kwamiti bai ɓoye ba.

Tafiyar Gana

Takwarorinmu na wata jami'a a Akara su suka gayyace mu, suka kuma ɗauki nauyin masauki da abincinmu a can. Mota, takardu da guzurin hanya namu ne. Kuɗin ya fito daga gudummawar 'yan ƙungiya, da ƙaddamar da asusu da aka yi, da aljihun tsofaffin ɗalibai, waɗanda ba don su ba da ko tasha ba mu kai ba. Akwai wani kamfani da ya yi mana alkawari mai tsoka a gaban jama'a ranar ƙaddamarwa, aka yi masa tafi. Har yau ma'aji yana bin sawu.

Batun jirgi tun a zaman farko ya mutu. Saura hanyoyin mota biyu. Ta arewa, wato Yamai, Wagadugu, a shiga Gana ta Paga, ita wasu suka so, amma rashin tsaro a yankin ya sa hukumar jami'a ba za ta taɓa sa hannu ba, ga shi Nijar da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS tun Janairun 2025. Sai muka bi ta gaɓar teku: Legas, iyakar Seme, Kwatano, Hilakonji, Lome, Aflawo, sannan Akara. Ga amfanin waɗanda za su shirya irin wannan nan gaba: ɗan ƙasar ECOWAS ba ya buƙatar biza, yarjejeniyar 1979 ta ba shi damar zama har kwana 90, amma dole fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, dole kuma katin rigakafin shawara. Mota ma tana da nata takardun, har da inshorar ƙetare iyaka. Katin rigakafin nan shi ya fi wahalar da mu, domin wasu sun ɗauka wasa ne sai da tafiya ta matso, alhali allurar sai ta kwana goma kafin katin ya fara aiki.

Kuɗi iri uku muka taɓa, naira, sefa da sidi, kuma kowane canji sai ya ɗan gutsuri wani abu. Kasafin da aka yi a farkon shekara bai yi la'akari da haka sosai ba. A ɗaya daga cikin iyakokin an sauke mana kayan kiɗa kaf, ana juya kalangu ana leƙa cikin tulu, ana jira mu gane abin da ake nufi. Uban ƙungiya ya fito da wasiƙar gayyata da jerin kayan mai hatimin jami'a, ya samu benci ya zauna, ya ce ba ma sauri. Daga ƙarshe su suka gaji. Jerin kayan nan a riƙa yinsa kullum. Togo kuwa ba a ankara ba aka wuce ta, gaɓarta ba ta kai kilomita 60 ba, sai dai daga nan agogo yake komawa baya da awa ɗaya. Wayoyi sun gyara kansu, agogon hannun direba bai gyara ba, shi ya sa washegari ya tashe mu da hon tun assalatu bai yi ba.

Wasanmu na farko a Akara mun raba shi gida biyu. Kashin farko waƙoƙin Turawa ne masu murya huɗu, waɗanda muka kwashe watanni muna gogewa. An yi mana tafi na ladabi. Ba wai mun yi kuskure ba ne, amma mun kai goro Gwanja: mutanen nan tun zuwan mishan ɗin Basel a 1828 da na Methodist a 1835 suke rera irin waɗannan, yaran makarantarsu ma sun iya. Da aka dawo daga hutu muka fito da namu, waƙoƙin aure, na daɓe, na noma, da na ibada da Hausa, da kalangu da tulu da shantu, sai zauren ya canza. Mutane suka miƙe, ana kaɗa hankici sama kamar yadda suke yi in abu ya kai musu. Aka sa muka maimaita waƙar daɓe.

Kaɗan ya rage ma kalangun bai fita ba. Laimar bakin teku ta sa fatar ta saki tun da rana, ka buga ka ji luɓus. Makaɗinmu ya zagaya bayan zauren ya samu wata mai gasa ayaba, ya tsuguna gefen gawayinta yana juya kalangun a hankali, yana ɗan ƙwanƙwasawa da yatsa yana kai kunne, har muryar ta dawo. Matar ba ta karɓi ko sisi ba, ta ce dai a bar ta ta leƙa in an fara. Wani makaɗin masu masaukinmu ya karɓa bayan an tashi, ya rataya a hammata ya buga ba tare da an nuna masa komai ba. Suna da irinsa, suna ce masa dondo.

Abin da kwamiti ya fi so ku ji ya faru ne washegari, wajen koyon waƙa na haɗin gwiwa. Sun koya mana tasu, kowa aka miƙa masa takarda: ga baiti, ga solfa, wato karin waƙar a rubuce da do-re-mi, ga sunan wanda ya tsara da shekarar da ya tsara. Da aka zo kan tamu, malaminsu ya ce a ba shi takardar waƙar daɓen nan yana so ya saka ta cikin nasu. Muka kalli juna. Ba mu da ita. Waƙar tana kan kwayamasta da wasu 'yan alto biyu, su ma a bakin wata yayarmu da ta gama shekarun baya suka ɗauka. Galibin waƙoƙinmu na Hausa haka suke. Duk shekara in 'yan ajin ƙarshe suka tafi, sai wata murya ta bi su, mu kuma mu cike gurbin da abin da muka iya tunawa.

Malamin bai tsaya nan ba. Ya sa wata 'yar'uwarmu ta faɗi layi ɗaya na wata waƙar ibadarmu da baki kawai, a hankali, yana zana hawa da saukar muryarta a allo. Sannan ya ce mu rera. Inda magana ta hau, waƙar ta sauka. Inda wasali yake da tsawo, an ba shi gajeren bugu. Ba ya jin Hausa, amma ya kama mu. Duk mun san wannan ciwo a waƙoƙin da aka ɗora wa kalmomin Hausa a kan karin Turawa, mun dai saba ne har mun daina ji. Ya ce su ma sun sha wannan fama, kuma wanda ya buɗe musu hanya shi ne Ephraim Amu, mutumin Peki, wanda ya rayu daga 1899 zuwa 1995. Amu ya dage cewa karin waƙa ya bi hawa da saukar harshen Twi da Ewe. A farkon shekarun 1930 ya rasa aikinsa na koyarwa a kwalejin Akropong saboda ya hau mumbari da tufafin gargajiya kuma yana kawo ganguna cikin harkar ibada. Daga baya hotonsa ya hau takardar kuɗin ƙasar. Mun kuma ziyarci Legon, inda Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana take da ma'ajiyar sauti mai ɗauke da sunan Farfesa Kwabena Nketia, wanda ya rasu a 2019 bayan ya shafe rayuwarsa yana naɗar kiɗan gargajiya yana rubuta shi. Wasunmu sun fito daga wurin jikinsu a sanyaye.

A zango kuwa gida muka je. A unguwar Nima ta Akara da kuma Kumasi Hausa ake yi a titi, irin tasu, wadda ba ta cika damuwa da bambanta mace da namiji ba, kuma ba a jima ba kunnenmu ya saba. Zuriyar fataken goro ne da malamai da sojoji da suka zauna tun kaka da kakanni. Wani sarkin zango ya karɓe mu a ƙofar gidansa, muka yi waƙoƙin gargajiya da na zaman lafiya kawai, bisa shawarar Uwar ƙungiya. Ganin Musulmi da Kirista a sahu ɗaya bai ba kowa mamaki ba a can. Su suka tuna mana cewa Babban Limamin ƙasar, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya halarci cocin Katolika a Akara lokacin Ista ta 2019, shekarar da ya cika 100. Muna cikin wata waƙar niƙa sai wata tsohuwa daga cikin mata ta karɓe, ta ci gaba da wasu baitoci da babu wanda ya taɓa jinsu a cikinmu. Ta ce a bakin kakarta ta ji. An naɗa a waya da izininta, kuma yanzu haka naɗin yana wayar mutum ɗaya tak. Wanda yake da shi ya san kansa, ya kawo wa kwamiti kafin wayar ta faɗa ruwa.

Mun tsaya Elmina, a gidan da Turawan Fotugal suka gina a 1482, wanda daga baya ya zama kurkukun bayi kafin a loda su a jirgi. Da yawa daga cikin bayin daga arewa aka gangaro da su. Ba a shirya waƙa a wurin ba, ba a kuma yi ba. Uban ƙungiya ya ba mu labarin mawaƙan Jami'ar Fisk ta Amurka, yawancinsu 'yantattun bayi, waɗanda suka fara yawon waƙa a 1871 don ceto makarantarsu daga rufewa, suka je Ingila a 1873 har suka rera a gaban Sarauniya Victoria, kuɗin da suka tara kuma aka gina babban gini da shi a jami'ar. Magadansu sun zo Gana a 2007. Ma'aji ya ce to su sun koma da kuɗin gini, mu kuwa da bashin mai mota za mu koma. Gaskiya ya faɗa.

Sauran abubuwa a taƙaice. An samu zazzaɓi da ɓacin ciki, ba wanda ya kwanta asibiti, Allah ya saka wa 'yan'uwanmu ɗaliban likitanci da suka riƙe akwatin magani. An samu waɗanda suka shiga kasuwar Kejetia suka manta da lokaci, har wasan Kumasi ya fara a makare. Kwamitin ladabtarwa ya zauna da su, magana ta wuce. Da muka tashi dawowa kayan tsaraba sun kusa fin mutane nauyi, kuma duk a cikin jakar nan da kowa ya san sunanta, abin da ya ba masu masaukinmu dariya ƙwarai.

Abin da kwamiti yake kawowa gabanku

Ba za a yi tafiya ƙasar waje a shekara mai zuwa ba. Na san akwai masu maganar Kamaru, amma sai an biya bashi, kuma sai muna da abin miƙawa in an ce mu kawo takarda. Aikin shekarar shi ne rubuta waƙoƙinmu na Hausa: a naɗi kowace murya daban, a rubuta baiti da solfa, a sa sunan wanda ya tsara in an san shi, a kuma gyara inda kari ya murɗe magana. Muna roƙon yayyenmu da suka gama su ba da lokaci, domin wasu muryoyin a wurinsu kaɗai suka rage. Za a nemi taimakon malaman sashen Hausa kan tsawon wasula da karin sauti. 'Yan ajin ƙarshe, musamman bas, kada kowa ya karɓi takardar sallama daga ƙungiya sai ya zauna an naɗe shi.

Takwarorinmu na Akara sun nuna sha'awar ramuwar ziyara. In taro ya amince, sai a kafa ƙaramin kwamiti na masauki tun yanzu. Ziyarar asibiti da zagayen makarantu za su dawo a zangon farko, ba tare da jiran komai ba.

Masu bashin kuɗin wata su ga ma'aji. Rigunan ƙungiya da aka tafi da su Gana har yanzu ba su dawo duka ba, a wanke a goge a kawo wa mai kula da kaya. Za a yi zaɓen sababbin shugabanni bayan an tattauna wannan rahoto da na ma'aji, kuma bisa doka wanda ake bi bashi ba ya zaɓe, ba a kuma zaɓensa.

Magatakarda,
a madadin Kwamitin Zartarwa