Ranar Ruwa A Bergen: Abin Da Masu Tallan Jirgin Shaƙatawa Ba Sa Faɗa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili domin jan hankalin 'yan'uwa masu shirin hutu a jirgin ruwan yawon shaƙatawa zuwa gaɓar ƙasar Norway, da kamfanonin da ke sayar musu da tikiti. Hotunan talla duk rana ce tangaram. Alhali da yawa daga cikin jiragen da ke bin wannan hanya suna yada zango a Bergen, garin da ruwan sama ke sauka fiye da kwana 200 a shekara, sama da milimita 2,000, wato ya ninka daminar Kano fiye da sau biyu. Jirgi ya iso da safe, ya ɗaga da yamma, ba a ƙara wa kowa kwana saboda hadari. Haƙƙin matafiyi ne a gaya masa wannan tun bai biya ba.

Ruwan can kan zo ne da yayyafi mai naci da iska daga teku, ga sanyin da ko a watan Yuli bai cika wuce digiri 20 ba. A nan tufafinmu ke ba mu kunya. Shadda da atamfa da wandon jins duk auduga ce, tana shan ruwa ta riƙe, ta yi ta zuƙe ɗumin jiki, kafin azahar mutum ya fara karkarwa. A sa kaya hawa uku: 'yar ciki ta ulu ko ta roba mai saurin bushewa, suwaita a kai, sannan rigar ruwa mai hula wadda aka liƙe ɗinkinta ta ciki, don ta kafar allura ruwa ke fara shiga. Ga mata, abaya mai jan ƙasa takan kwashi ruwan titi har gwiwa. Gara rigar ruwa doguwa da ta wuce gwiwa, da hijabi na biyu a leda. Takalmi ya zama mai tafin roba da zane-zane, a ajiye na fata mai sumul da silifas a ɗaki, a tafi da safa ta canji. Laima ba abin dogaro ba ce, iskar bakin tasha kan birkice ta.

Babban kuskure shi ne a ce sai an fara da hawa dutse don haka aka tsara tun daga gida. Fløibanen, ƙaramin jirgin ƙasa mai hawa dutse wanda ke aiki tun 1918, yana kai mutum kan dutsen Fløyen, tsayin mita 320, cikin ƙasa da minti goma. Amma idan gajimare ya zauna a kai, fari fat kawai za a gani, kuɗi ya tafi. Daga bakin ruwa a ɗaga kai: in ana hango ginin da ke saman, a garzaya nan take, ko da ana tsakiyar wani abu. In ba a hango shi, a jira. Manhajar Yr ta hukumar yanayin ƙasar tana nuna ruwa awa bayan awa, har da tsagaitawar da ke tafe. Dutsen Ulriken kuwa, mai mita 643, shi hazo ke fara rufewa, kuma iska mai ƙarfi kan sa a tsayar da motar igiyarsa. Ranar ruwa a haƙura da shi.

Kafin sama ta washe, akwai inda za a fake a kuma ƙaru. Wanda jirginsa ya tsaya a Skolten, ganuwar Bergenhus na gabansa, da zauren Håkonshallen na dutse da aka gama a 1261. Gaba kaɗan sai Bryggen, jerin gidajen katako na tsoffin fataken Jamus masu cinikin busasshen kifi, waɗanda aka sake ginawa bayan gobarar 1702, UNESCO kuma ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1979. Lungunansu daɓen katako ne, in ya jiƙe santsi gare shi kamar an shafa kuɓewa, don haka a riƙe hannun dattawa. A rufaffiyar kasuwar kifi ta Mathallen ana samun miyar kifi mai zafi, sai dai a tambaya, domin wasu masu girki kan zuba farar giya. Gidajen baje kolin zane-zanen fasaha na KODE ma za su ci awa biyu cikin ɗumi. Kusan ko'ina da kati ake biya.

Maganar lokaci ita ta fi damuna. Galibi ana rufe shiga minti 30 kafin tashi, kuma jirgi na jiran ayarin da shi ya shirya ne kaɗai, ban da wanda ya fita don kansa. Ranar ruwa kowa kan juyo a tare, tasi ta yi wuya, layin bas ɗin da ke shigar da fasinja tashar Jekteviken ya yi tsawo. A yi niyyar komawa da ragowar awa guda cur. Katin jirgi, fasfo mai bizar Schengen ta shiga ƙasashen Turai ko kwafinsa gwargwadon umarnin jirgin, da lambar wayar wakilin jirgi da ke takardar shirin ranar, duk a zuba su a leda mai zif tare da waya. Wayar da ta jiƙe kada a sa ta caji sai ƙofar cajin ta bushe.

Idan an koma, jiƙaƙƙun kaya a shanya su a igiyar banɗaki. An hana shanya a baranda, an kuma hana dutsen guga a ɗaki saboda gobara. Takalmi a zare shimfiɗarsa ta ciki, a cusa masa takarda, a canja ta kafin a kwanta, domin gobe da safe akwai wata tashar.

Wassalam.

Wani mai karatu, daga Kaduna