An Manta da Muryar Leontyne Price

Malam Edita,

Bayan gaisuwa. Na karanta rahotonku na makon jiya kan gudummawar baƙaƙen fatar Amurka a fagen waƙa. Kun kawo jaz da hip-hop, amma ko sau ɗaya ba ku ambaci opera ba, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa, kuma wannan giɓi ya dame ni.

Leontyne Price, baƙar fata mawaƙiyar opera, haifaffiyar Laurel a jihar Mississippi a 1927, ta fara hawa dandalin Metropolitan Opera na New York a 1961, lokacin da wariyar launin fata ke ci a kudancin ƙasar. Kamfanin RCA ya naɗi muryarta a faya-fayai masu yawa, ciki har da Aida, opera ta Verdi, mai tsara kiɗa ɗan Italiya, inda ta fito a matsayin gimbiyar Habasha da aka bautar a Masar. Ba na jin Italiyanci, amma ranar da na saurari wurin da Aida ke kukan kewar ƙasarta, muryar na hawa sama a hankali kamar zare, sai da na ajiye shayin da ke hannuna.

Ina roƙonku ku ware mata shafi guda, ku fayyace labarin Aida da Hausa, sannan ku nuna wa matasa inda za su saurari faifan a intanet.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya