Wasiƙa zuwa Tanja: shahunan da ke barinmu da bazara

Maradi, cikin watan Afrilu

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya baƙunta a Maroko? Mu nan lafiya lau, sai zafi. Ka san bazarar Maradi, tun hantsi kowa yana neman inuwar dogon yaro.

Ka tambaye ni abin da ke fitar da ni daji da yamma. Tsuntsaye nake ƙirgawa, kuma kada ka yi dariya. Tun wajen Oktoba akwai wani shaho siriri da ke sauka gonakinmu bayan girbi, wanda Faransawa ke ce wa busard cendré. Namijin ruwan toka ne, bakin fukafukansa baƙi, macen kuwa ruwan ƙasa ce da fari a gindin wutsiya. Yana tafiya ƙasa-ƙasa a kan karan gero yana tangaɗi, kuma mafi yawan abincinsa fara ce, irin wadda mata ke soyawa da yaji a kasuwa. A gonakin alkama na Turai ake ƙyanƙyashe shi, amma rabin shekararsa a Sahel yake yi. Daga ƙarshen Maris ya fara tattara nasa ya nasa.

Ƙirga su ba wuya idan ka gane makwancinsu, don a ƙasa suke kwana, cikin ciyawa, a taru wuri guda. Sai in zauna nesa kafin magariba da madubin hangen nesa da littafi, ina jan layi duk wanda ya sauka. Wahalar ita ce wanda ya sauka ya sake tashi, sai ka ƙirga shi sau biyu. Yanzu layukan kullum raguwa suke. Wani manomi a bakin Gulbi ya ce mini ai shaho shaho ne, ɗan tsako kawai yake nema. Na nuna masa cewa wannan bai ma kallon gari, farar da za ta zuba ƙwai a gonarsa yake ci. Bai yarda ba, amma ya ba ni ruwa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne kai kana zaune a bakin ƙofar da tsuntsayen nan ke bi su koma Turai. Mashigin Jibralta da ke tsakanin Maroko da Sifen, inda ya fi ƙunci, kilomita 14 ne kawai. Manyan masu farauta, shirwa da gaggafa da farar ungulu, ba su son kaɗa fukafukai. Suna jira rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi ta taso, su hau ta suna kewaye har su yi sama, sannan su zame gaba. Teku ba ta ba da irin wannan iska, shi ya sa suke cunkuso inda ruwa ya fi ƙunci ko inda za su kauce masa: wajenku, da tsakanin Tunisiya da Sisili, da Istanbul, da Eilat a kudancin Isra'ila. Shirwar Turai tun Fabrairu da Maris take wucewa, shahon da ke tonon gidan zanzaro da rina kuwa sai ƙarshen Afrilu zuwa Mayu. A irin wuraren nan ba a ƙirga su ɗaya-ɗaya, goma-goma ake yanka garke da ido, kuma sai sun bar kewaye sun miƙe layi ake farawa.

Ba duka ke kaiwa ba. A 2014 an harbe wata farar ungulu a kudancin Nijar, wadda aka ɗaura wa na'urar bibiya tun daga Girka, don a sayar da sassanta ga masu magani. Irinta sun kusa ƙarewa a Girka. Ni dai raina ba ya daɗi idan na ga kan ungulu a shimfiɗar mai magani, ko da kuwa ta mahauta ce.

Don Allah wata Asabar ka hau tudu gabas da Tanja da hantsi, ka rubuta abin da ka gani da lokacin da kuma inda iska ta fito. Ko hoton waya ne aiko mini, zan gane su. Nan kuma muna jiran shamuwa, tsofaffi har sun fara gyaran gona.

Ka gaida maiɗakinka da yara. Inna tana gaishe ka, ta ce yaushe za ka zo ganin gida.

Naka,
amininka na Maradi