Sanarwar Rasuwar Gwaggo da Shirin Jana'iza

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, iyaye, yayye da ƙanne.

Gwaggo ta koma gida wurin Ubangiji jiya da asuba, bayan jinyar da kuka sani. Ta cika a ɗakinta, matan zumunta na gefenta suna addu'a.

Kusan duk wanda ke rukunin nan ya ci tuwon hannunta. Ƴaƴan da ta riƙa sun fi waɗanda ta haifa yawa, kuma ba ka iya bambancewa. Ba ta yi boko ba, a ajin yaƙi da jahilci na majami'a ta koyi karatu, amma Zabura 23 da rabin littafin waƙoƙi suna kanta. Ko damina ta yi muni sai ta ware damin dawarta na baikon godiya kafin kowa ya taɓa rumbu. Faɗa kuwa, Allah ya ba ta! Wanda ya taɓa makara sujadar safe ya sani.

Dattawan gida da Fasto sun tsai da ranar Asabar. Juma'a da yamma akwai waƙoƙi a ƙofar gida, Asabar ƙarfe 10 sujadar jana'iza a majami'a, sannan a binne ta kusa da kabarin mijinta.

Masu zuwa daga Jos da Kaduna, ku taso da wuri, rafi ya cika, sai da babur ake ƙarasawa. Gudummawa a tura wa ma'ajin rukuni kafin Alhamis. Don Allah kada a saka hotunan jinyarta a Facebook. Kawu bai ji ba tukuna, kowa ya yi haƙuri da kiransa har dattawa su isa wurinsa.

Allah ya ta'azantar da mu duka.