Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiya

'Yan uwa mambobi, assalamu alaikum.

A bana mun tattara ƙarfinmu a kan abu guda: ƙananan hukumomin da ke maƙwabtaka su riƙa tsara filayen da ke kewaye da tashoshin bas da na jirgin ƙasa tare. Mutum yana kwana a wata ƙaramar hukuma, yana aiki a wata, amma taswirar kowace hukuma a bakin iyakarta take tsayawa.

Tattaki ne ya fi cin lokacinmu. Kwamitin bincike ya riƙa tashi daga bakin tasha da ƙafa har tazarar mita 800, tafiyar kusan minti 10, wadda masu tsara birane ke ɗauka a matsayin abin da yawancin mutane za su yarda su taka. A wata tasha, filin ajiye motoci ya cinye gaban ƙofa, sai fasinja ya zagaya doguwar katanga, ya tsallaka babban titi babu wurin tsallakawa. Mun ga tsofaffi suna tsaye a tsakiyar titin suna jiran motoci su lafa. Gefe ɗaya benaye da shaguna, ɗaya gefen kuma, da yake hannun wata hukuma yake, doka ta hana gina bene. Mun rubuta duk wannan, mun miƙa wa hukumomin biyu a zama ɗaya, da gangan.

A zaman nazari mun duba tsarin birnin Kopenhagen, babban birnin Denmark, na 1947, inda aka bar gari ya faɗaɗa a kan layukan dogo biyar kamar yatsun hannu, tsakaninsu kuma filin shan iska. Mun duba Kuritiba ta Burazil, wadda tun 1974 ta ware wa bas hanyarsa, ta tattara dogayen gine-gine a gefen hanyar. Amma Portland ta Amurka ta fi jan muhawara, domin can akwai zaɓaɓɓiyar majalisar yanki mai kula da gundumomi 3, an kuma shata wa birnin iyakar faɗaɗa tun 1979.

Akwai abin da ke damunmu ƙwarai. Tasha na zuwa, kuɗin haya ya tashi, talakan da ya fi buƙatar bas shi ne na farkon barin unguwar. Shi ya sa kwamitin gidaje ke shirya takardar neman a ware kaso na gidaje masu sauƙin haya a duk sabon ginin da ke kusa da tasha. Za a karanta daftarin a babban taro mai zuwa, bayan ma'aji ya gabatar da lissafin kuɗi. Duk mai gyara a kan daftarin ya aiko wa sakatare kafin ranar.